Tambaya da Amsa: Tafiyar Keke Cikin Dare Daga Landan Zuwa Bakin Teku

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a garin Lesta da ke Ingila, shekarata ta biyu ke nan. Abokan karatuna uku sun matsa mini lamba in bi su wata tafiyar keke ta dare da ake kira Dunwich Dynamo a watan Yuli. Na taɓa karantawa a wannan shafi cewa ka zauna a Landan, kuma kai ma'abocin keke ne. Ni dai ban taɓa wuce kilomita 60 a yini ɗaya ba, kekena kuma na hannu ne da na saya don zuwa makaranta. Anya zan iya? Ta yaya zan isa wurin tashi, ta yaya zan dawo, kuma yaya zan yi da salla?

Ƙaninka daga Lesta

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Za ka iya, in Allah ya yarda. Sau biyu na yi wannan tafiya, kuma na ga tsofaffi masu furfura sun kai, na ga masu ɗan keken nan da ake naɗewa sun kai. Tambayarka ta uku ce ta fi damuna, wato dawowa, don a nan na sha wuya.

Ga yadda abin yake. Tun 1993 ake yin sa, a daren Asabar ɗin da ya fi kusa da cikar wata a Yuli. Ana taruwa a filin London Fields da ke unguwar Hackney, a gabashin Landan. Daga wajen ƙarfe takwas na yamma mutane ke ta zamewa rukuni-rukuni, babu mai busa usur. Ba tsere ba ne, ba a yin rajista, ba a biyan ko sisi, kuma babu motar da ke biyo baya tana kwasar waɗanda suka gaza. Nisan ya kai kilomita 180, kamar ka tashi daga Kano ka shiga Katsina har ka ɗan gota. Mai ƙarfi irin naka zai ci awa goma zuwa sha biyu har da tsaye-tsaye.

To, ina ake zuwa? Dunwich (su masu garin "Danic" suke cewa) ƙauye ne da mutanensa ba su kai 200 ba. A da can yana cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na Ingila, sai guguwar teku ta 1286 da ta 1287 da ta 1328 suka toshe tashar suka cinye unguwanni, teku ta ci gaba da gutsurar garin har hasumiyar cocin All Saints ta rufta a 1919. Abin da ya rage shi ne 'yan gidaje, da wurin shan shayi, da gaɓar teku mai tsakuwa zalla. Ba don ka ji tarihi na kawo wannan ba. So nake ka hango ɗaruruwan mutane, kowa da kekensa, kowa a galabaice, sun wayi garin Lahadi a wurin da ba tashar mota, ba tashar jirgi.

Karona na farko haka na tafi da gadara, na ce in na isa na san yadda zan yi. Na isa wajen bakwai na safe, na ci abinci, na miƙe a kan tsakuwa, sannan na lallaɓa zuwa Darsham, tashar jirgin ƙasa mafi kusa, 'yan kilomitoci kaɗan daga ƙauyen. Na tarar da masu keke jingim, jirgin kuma ƙarami ne, ba zai ɗauki kekunanmu ba. Laifina ne, don an sanar tun da wuri, ni ne ban duba ba. Sai da na sake hawa sirdin da nake jin kamar garwashi aka zuba a kai, na yi wasu kilomita kusan 50 zuwa garin Ipswich don in samu jirgi. Wannan hamsin ɗin ta fi ɗari da tamanin ɗin farko tsawo, wallahi.

Don haka kafin ka sayi fitila, kafin ka sayi komai, ka sayi tikitin bas na dawowa. Ƙungiyar Southwark Cyclists ce ta saba shirya shi: mutane su shiga bas, kekuna a loda su a manyan motoci, a haɗu a Landan. A intanet ake sayarwa, yana ƙarewa, kuma na farko-farko ya fi araha. Ku huɗun ku saya rana ɗaya. Wurin loda kaya ana jingina keke a jikin keke, saboda haka ka cire fitilu da gorar ruwa da duk abin da zai iya ɓallewa, ka kuma ɗaura wa naka wani ƙyalle mai launi, don a wurin sauke kaya baƙaƙen kekuna duk kama suke yi. In jirgin kuka fi so, ku karanta dokar da kamfanin ya kafa wa kekuna ta wannan ranar musamman, don ba irin ta sauran ranaku ba ce. Akwai masu juyawa su koma Landan a kan kekensu, kilomita 360 ke nan jimilla. Waɗannan ka gaishe su kawai.

Zuwa kuwa ba wuya. Jirgin Lesta a tashar St Pancras ta Landan yake saukewa, amma ka kama wa keken gurbi lokacin sayen tikiti, don wurin kekuna kaɗan ne. Kada ka ce za ka shiga da shi jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba a yarda da keken da ba ya naɗuwa a layuka masu zurfi ba. Tuƙa abinka, bai fi rabin awa ba. Ka iso da wuri, ka biya kasuwar Ridley Road a Dalston ka sayi dabino da ayaba da gyaɗa.

Guzurin nan kada ka raina shi. A hanya mutanen ƙauyuka na fitowa da tebura suna sayar da shayi da kek, wasu ma suna jera kyandir a cikin kwalabe a bakin titi. A shekarun da na je, 'yan kwana-kwana na garin Sudbury, wanda ya ɗan wuce rabin hanya, suna dafa abinci ana layi. Sai dai galibin burodin da ake miƙo maka da zafinsa naman alade ne a ciki. Ka tambaya kafin ka karɓa, ba sa jin haushi. Ka kuma riƙe 'yan tsabar kuɗi. Ci kaɗan-kaɗan duk bayan rabin awa, kada ka jira sai yunwa ta kama ka, don in ta kama mai keke ƙafafu ne ke fara mutuwa.

Salla. A tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa a can sai bayan tara na dare, wato magariba za ta same ku wajen dajin Epping. Tafiyar ta haura mil 48 da littattafan fiƙihunmu suka sanya wa ƙasaru nesa ba kusa ba. Ni a Epping na tsaya na haɗa magariba da isha'i, amma ka zauna da limaminku ya warware maka hukuncin dalla-dalla. Asuba ce mai kuɓucewa: alfijir na ketowa tun wajen uku, kafin biyar ta cika rana ta fito. Kuma kada jan gabas ya ruɗe ka yadda muka saba a gida. A Ingila alƙibla kudu maso gabas take, rana kuwa a Yuli ta arewa maso gabas take ɓullowa, sai ka karkata dama sosai. Ka gaya wa abokanka tun a gida cewa za ka tsaya sau biyu. Nawa abokan har daɗi suka ji, sun samu dalilin hutawa.

Kekenka na hannu ya isa, muddin ka kai shi wurin mai gyara mako biyu kafin ranar, a duba birki da kaca da tayoyi. Kada ka sauya sirdi ana gobe tafiya. Ka ɗauki tub biyu da famfo, ka kuma koyi cire taya da hannunka, don babu mai faci a gindin bishiya. Doka ta wajabta farar fitila a gaba da ja a baya. Ta gaban ta zama mai haska titi ce, ba ta cikin gari ba, domin da an wuce Epping babu fitilun kan hanya, kuma hadari kan rufe watan da ake taƙama da shi. Ta bayan ka bar ta tsaye, mai walƙiya tana kashe idon na bayanka. Ka sa taswirar hanyar a wayarka. Bin jan fitilar na gaba yana da daɗi, har sai ranar da na gaban ya ɓata, mutum ashirin suka bi shi.

Kafin Yuli ka yi kilomita 100 ko sau ɗaya ne, ka kuma gwada fita da dare. Tsakanin biyu da huɗu ne lokacin gyangyaɗi da sanyi, duk da ana ce wa lokacin bazara. Riga mai tare iska da safar hannu ba sa nauyi. In ka ji idonka na rufewa, ka sauka ka zauna minti goma. Da ka wuce garin Framlingham gari ya waye, sauran tafiyar da kanta take yin kanta.

A Dunwich sai kusan hantsi ake fara lodin dawowa, bas kuma ba ya isa Landan sai da rana, sannan ga jiran motar kekuna, ga tuƙi zuwa St Pancras. Kada ka yanki tikitin Lesta mai ƙayyadadden lokaci da wuri, ka kama na yamma liƙis. Ka sa busasshiyar riga da safa a leda don zaman bas. In kuma kana da lacca ranar Litinin a saman bene, ka fita gida da wuri, don matakala sai ka hau ta da dabara.