Zan raka kakata jinya Masar, ga kuma konkur ɗin likita na tafe: yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Garwa, na ci bak D (jarrabawar kammala sakandare ta fannin kimiyya) a bana, burina in shiga makarantar likita. Yanzu gida sun yanke shawarar ni zan raka kakata Alƙahira a yi mata aikin gwiwa. Za mu tashi ranar 10 ga Agusta, an ce mako shida za mu yi. Ina so in rubuta konkur na ƙasa, wato jarrabawar gasar shiga makarantar likita, kuma ina da niyyar gwada Faransa ta Campus France, hukumar da ake bi wajen neman karatu a can. Tafiyar nan za ta hana ni, ko akwai yadda zan haɗa duka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa ki ci moriyar karatunki. Ana iya haɗawa, amma da sharaɗi guda: ranar konkur ce za ta tsara tikitinki, domin ita ba a ɗage ta saboda kowa, shi kuwa tikiti ana sauya masa rana da kuɗi.

Tun shekarar 2013 shiga karatun likita da haɗa magunguna da likitan haƙori a Kamaru ya koma jarrabawa guda ta ƙasa, a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi mai zurfi. Ko Yawunde kike so, ko Duwala, ko tsangayar likitanci ta nan Garwa, ƙofar ɗaya ce, sau ɗaya kuma ake buɗe ta a shekara. Minista ne ke fitar da sanarwa mai ɗauke da ranar rufe karɓar dosiye (takardun neman shiga), ranar rubutawa, cibiyoyi, adadin gurabe da iyakar shekarun haihuwa. Galibi abin yana faɗowa bayan sakamakon bak, tsakanin ƙarshen damina da buɗe jami'o'i, amma ranar tana motsi daga shekara zuwa shekara. Kada ki yi lissafi da ranar bara, kada kuma ki dogara da hoton da ake yawo da shi a WhatsApp. Ki nemi sanarwar bana mai sa hannu, ki karanta ta da kanki har ƙasa.

Yanzu lissafa. Mako shida daga 10 ga Agusta ya kai ki 21 ga Satumba. Wannan kuwa idan komai ya tafi daidai ne, kuma jinya ba ta cika tafiya daidai ba. Mai shekaru da aka kai aikin gwiwa, sau da yawa sai an fara daidaita mata hawan jini ko suga kafin a shiga da ita, bayan aiki kuma akwai gashi da koyon tafiya, sannan likita ne zai ce ta isa hawa jirgi. Mako shida kan zama takwas ba tare da laifin kowa ba. Saboda haka kada a haɗa dawowarki da ta Hajiya a tikiti ɗaya. A yankar miki naki daban, irin wanda ake sauya wa rana, a kuma tambayi kuɗin sauyin tun kafin a biya. Tikiti mafi araha shi ne yawanci wanda ba ya sauyuwa.

Sauka a Duwala ma ba isowa gida ba ne. Idan ta ƙasa za ki hau, akwai motar Yawunde, jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundere, sannan mota ta gangara dutse zuwa Garwa: kwana biyu ke nan idan hanya ta yi kyau, ga shi lokacin ruwa ne. Mu a ganinmu ki kasance a garin da za ki rubuta aƙalla kwana 10 kafin ranar. Akwai kuma dabarar da mutane ke mantawa: cibiyar da kika zaɓa lokacin rajista, a can sunanki zai fito. Idan kin san a ƙure za ki dawo kuma kina da masauki wurin dangi a Duwala ko Yawunde, zaɓi can tun farko, ki huta da doguwar hanya.

Inda aikin yake shi ne dosiye. Cike fom ta intanet kina iya yinsa daga ko'ina. Abin da ba ya yiwuwa daga Alƙahira shi ne wanda ke buƙatar jikinki: takardar shaidar lafiya daga likitan gwamnati, hotuna 4x4, sa hannunki. Su kuwa kwafin takardar haihuwa da sakamakon bak da na furobatuwar (jarrabawar da ake yi shekara ɗaya kafin bak), sai an kai asalinsu an buga musu hatimi a ofishin hukuma. Galibi ana son hatimin bai wuce wata uku ba. Wanda aka buga a makon farko na Agusta zai kai ki farkon Nuwamba, ya wadatar. Wanda aka buga tun Mayu yana iya mutuwa kafin a karɓa. Ki yi kwafi biyu na kowace. Ki duba rubutun sunanki da ranar haihuwa a takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, sakamakon bak da fasfo. Sunayenmu sun sha wahala a hannun masu rubutawa da haruffan Faransanci, harafi ɗaya ya bambanta sai dosiye ya tsaya, gyaran kuma ba a yin sa ta waya.

Idan sanarwa ba ta fito ba har ranar tashinki, ki bar komai a ambulan ɗaya hannun mutum ɗaya mai karatu, yayanki ko kawunki, tare da takardar wakilci mai hatimi. Amma a tabbatar sanarwar ta yarda wani ya ajiye a madadinki; idan ta ce ɗalibi da kansa, magana ta ƙare, sai kin dawo. Asalin takardunki su zauna gida, ki tafi da hotunansu a waya da imel. Katin ɗan ƙasa ki tsare shi kamar ido, da shi ake shiga ɗakin jarrabawa.

Layin wayarki na Kamaru kada ya mutu. Lambar da kika sa a fom, ta nan saƙo zai iya zuwa, ta nan kuma ake biyan kuɗi a wurare da yawa. Ko ki buɗe masa aiki a waje, ko ki bar shi hannun wakilinki. Agogo ma ki kula: a Agusta da Satumba Alƙahira tana gaban Garwa da awa biyu, wa'adi kuma da agogon Kamaru ake rufe shi.

Batun Faransa bai kai wannan matsi ba. Shafin neman gurbi yana buɗewa 1 ga Oktoba, masu neman shekarar farko kuma, har da ta fannin lafiya, wa'adinsu 15 ga Disamba, da zaɓin jami'o'i uku. Bayan an duba dosiye sai a kira ki ganawa da jami'in Campus France, inda za a tambaye ki dalilin zaɓinki da shirinki. Daga ƙasar da kike zaune ake bin wannan hanya, don haka daga Disamba zuwa Fabrairu kada ki ɗauki wata doguwar tafiya, ko da an ce a koma da Hajiya ganin likita. Wannan neman na shekarar karatu mai zuwa ne, ba zai maye miki konkur ɗin bana ba. Fasfo kuma, idan sabo za a yi, sefa 110,000 ne, shekara 5 yake yi. Allurar shawara sai ta kwana 10 kafin katinta ya fara aiki, ki yi ta kafin ƙarshen Yuli.

Akwai abin da ya fi takardu damunmu. Mai jinya ba ta da lokacin kanta. Dare a asibiti, rana a layin magani, ga baƙon gari. Konkur ɗin nan kuwa masu nema sun ninka gurabe nesa ba kusa ba, kuma tambayoyin ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da fizik suna son wadda hannunta ke kan tsofaffin takardun jarrabawa kullum. Wanda ya rasa bana sai baɗi, shekarun haihuwa kuma suna tafiya zuwa iyakar da aka sa, ga karatun kansa shekara 7.

Don haka ki zauna da Baba da ladabi, sanarwar a hannunki idan ta fito, ki nuna masa ranakun. Ki roƙi a raba rakiyar: ke ki yi makonni uku na farko, ki dawo 31 ga Agusta, gwaggo ko inna ta karɓe ki. A nema mata biza tun yanzu tare da taku. Idan kuma rufe dosiye ya faɗo cikin waɗannan makonni uku kuma ana son ki da kanki, sai a juya: ita ta fara tafiya, ke ki bi bayan kin rubuta. A nan ma a yanki dawowarki kafin fitowar sakamako, domin wanda ya ci ana ba shi ɗan lokaci ne ya zo da asalin takardunsa, ya biya kuɗin jami'a sefa 50,000, ya yi rajista da kansa.