Tambayi Kawu: Mu biyar ne, muna son taka duwatsun Al-Ula bayan Umara

Assalamu alaikum Kawu. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu biyar ne, abokai tun muna samari a kasuwar Mile 12. Huɗu muna harkar kayan gwari, ɗaya direban tirela ne. Shekara biyu ke nan muna zubin adashi don mu yi Umara tare, kuma in Allah ya yarda cikin Janairu za mu tashi. Ƙaramin cikinmu ya nuna mana hotunan wasu duwatsu a Al-Ula, akwai mai siffar giwa, akwai wanda ya lanƙwaso kamar ƙofar gari, sai muka yi sha'awar mu ƙara kwana uku bayan ziyarar Madina mu je mu zaga su da ƙafa. To gardama ta tashi. Ɗayanmu ya ce ƙasar Samudawa ce, bai kamata a je ba. Babbanmu kuma shekararsa 54, yana da ciwon sukari, amma ya ce babu abin da zai hana shi, tunda har yau ya fi mu ɗaga buhun albasa. Mun ji ka taɓa zuwa. Wace shawara za ka ba mu? Kuma da gaske ne iska ce ta sassaƙa duwatsun nan?
Mai karatu daga Ketu, Legas

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya karɓi Umararku tun kafin ku tashi, ya kuma bar wannan zumunci. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, don ba kasafai mutanenmu na kasuwa ke ware kwana uku domin kallon halittar Ubangiji ba.

Bari in fara da abokinku mai maganar Samudawa, don maganarsa tana da tushe, kada ku yi masa dariya. Al-Ula tana arewa da Madina, tafiyar kamar awa huɗu a mota. Kimanin kilomita 22 daga garin akwai Al-Hijr, wanda aka fi sani da Mada'in Salihu, kuma sunan wurin ne sura ta 15 ta Alƙur'ani take ɗauke da shi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya biyo ta nan a hanyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka halaka sai in suna masu kuka, ya rufe kansa, ya hanzarta har ya wuce kwarin. Kaburbura 111 da ake gani yau a jikin duwatsun, masana tarihi sun ce aikin Nabatawa ne, mutanen da suka sassaƙa birnin Petra na Jodan, kimanin shekara 2,000 da suka wuce. A 2008 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Saudiyya. Amma ko wa ya sassaƙa, wurin dai shi ne wurin. Ku zauna da malaminku na unguwa kafin ku tafi. Ni da na shiga, na shiga ne shiru, ban ci abinci a ciki ba, ban kuma daɗe ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ku bar shi a masauki ranar, kada ku matsa masa. Dutsen Giwa da bakan da kuka gani a hoto ba a cikin Al-Hijr suke ba. Giwar, wadda Larabawa ke kira Jabalul Fil, tana kusa da gari, tsayinta mita 52, kuma har gindinta mota ke zuwa. Bakan yana can nesa cikin sahara, Turawa na yi masa laƙabi da bakan gizo, kuma hakan ya burge ni, don magina na ƙasar Hausa ma bakan gizo suke kiran lanƙwasar da ke riƙe rufin soro, irin wadda Babban Gwani ya ɗaura a tsohon masallacin Juma'a na Zariya.

Batun iska kuwa, tana da hannu, amma ruwa ne babban masassaƙi. Duwatsun nan ba irin Kufena ko Zuma ba ne masu tauri. Yashi ne da ya danƙare tsawon zamani ya zama dutse, in ka murza shi da yatsa za ka ji tsaki yana zubowa. Ƙasa tana motsi, dutsen ya tsattsage, ɗan ruwan saman da ake samu ya shiga tsagar ya narkar da abin da ya riƙe yashin, gishiri ya taru a ciki ya tura, zafin rana da sanyin dare su yi ta buɗa shi suna tsuke shi. A hankali sai dutsen ya zama siririyar katanga. Inda ya fi laushi, galibi daga ƙasa, ya fara zubewa har rami ya huda, saman ya tsaya yana rataye. Iska sai ta zo ta share yashin ta goge gefe. Shi ya sa bakan dutse ba abin hawa ba ne. A jihar Utah ta Amurka akwai gandun da ke da irin waɗannan bakuna fiye da 2,000, kuma a Agustan 2008 ɗaya daga cikin sanannunsu ya rufta cikin dare, da safe aka tarar da tarin duwatsu a kan hanya. Ku ɗauki hoto daga ƙasa. Kada kuma kowa ya kankare sunansa ko sunan garinsu a jiki. A dutsen Jabal Ikmah da ke Al-Ula za ku ga rubuce-rubucen mutanen da suka rayu sama da shekara 2,000 da suka wuce, ba a kai mu can don mu ƙara namu ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato babbanku. Ba ciwon sukarin ne ya tayar mini da hankali ba, maganar buhun albasar ce.

Mu huɗu muka je, da jagora ɗan garin. A cikinmu akwai wani Alhaji da ya girme mu duka, dillalin shanu ne a nan Agege, mutum mai ƙarfi wanda ban taɓa jin ya ce wash ba. Mun fita bayan asuba cikin sanyi har da rigunan sanyi, muna tafe muna raha. Da hantsi ya dubi ludayi rana ta buɗe, yashi ya fara riƙe ƙafa. Ƙaraminmu yana gaba yana ɗaukar hoto, muna ta bin sawunsa. Can sai na lura Alhaji ya daina magana. Na ce, "Alhaji, lafiya?" Ya ce lafiya lau. Na sake tambaya bayan ɗan lokaci, sai ya ba ni amsar da ba ta haɗu da tambayar ba. Jagoran ne ya tsayar da mu, ya zaunar da shi a inuwar wani dutse, ya jiƙa rawaninsa ya ɗora masa a wuya, ya riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Da muka duba gorarsa, ko rabi bai sha ba. Awa biyu muka yi a wurin, ranar ba mu kai inda muka nufa ba, kuma ban taɓa nadamar komawar ba. Da dare ya gaya mini cewa ya fi awa ɗaya yana ganin jiri, amma ya ji nauyin ya ce ya gaji a gaban ƙannensa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don da muna da nisa da mota, da labarin ya sha bamban.

An raine mu da kunya da dauriya, kuma halaye ne masu kyau a gida da kasuwa. A sahara suna iya kashe mutum. Saboda haka tun kuna Legas ku zauna ku biyar, ku yi alkawari cewa duk wanda ya ji wani abu a jikinsa zai faɗa nan take, kuma babu mai yi masa gori, ko a ranar ko bayan an dawo Mile 12 ana hira a rumfa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku naɗa shugaba, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawud cewa in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Kakanninmu fataken Gwanja ba su taɓa tashi ba madugu da jagaba ba. Ni da za ku ji tawa, direban nan zan ba madugu, don ya san lissafin hanya da mai, ya san lokacin da ake tsayawa. Babbanku ya bi bayan jagora kai tsaye, takunsa shi ne takun kowa. Mai hoto ya koma baya.

Shi kuma babban naku ya je wurin likitansa wata guda kafin tafiya, ya gaya masa gaskiyar abin da zai je yi, don doguwar tafiyar ƙafa tana sauke sukari, wani lokacin ana bukatar gyara yawan magani. Ya tafi da na'urar gwajinsa, da dabino a aljihun gaba inda hannu zai kai da sauri. In allura yake yi, kada ya bar ta cikin mota a rana. Ku huɗun ku san alamun faɗuwar sukari: rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa kwatsam, rikicewar magana. Kowane dare ya cire safa ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, saboda mai sukari yana iya yin bororo bai ji ba.

Ruwa kuma, jikinku na Legas zai yaudare ku. A nan kafin ka taka daga Ketu zuwa Ojota rigarka ta jiƙe sharkaf, gumin da kansa yana tuna maka ka sha ruwa. A can iska busasshiya ce fiye da hunturun Sakkwato, gumi na fita yana bushewa kafin ka gan shi, sai dai ka ga farin gishiri a wuyan riga. Kowane mutum lita 4 a yini, wato ledar fiya wata 8, kuma kowa ya goya nasa. A sha tun ba a ji ƙishi ba. In fitsari ya yi ja ko ya ɗauke, an makara. Ku riƙe 'yan ƙullin garin gishiri da sukari na kemis, ku ci abu mai ɗan gishiri kamar gyaɗa ko kilishi. Ƙa'idar da ba a yi mata gardama ita ce: ruwa ya kai rabi, a juya, ko da bakan yana gabanku kuna hangensa. Ruwan sha kada ya tafi a alwala in ya yi ƙaranci. Allah ya sauƙaƙa mana da taimama, ga ƙasa mai tsarki ko'ina. Wanda ya fara sambatu ko jikinsa ya yi zafi rau, ku kai shi inuwa, ku jiƙa shi, ku kira motar asibiti a 997.

Janairu lokaci ne mai kyau, daga Nuwamba zuwa Maris ake jin daɗin wurin. Da bazara zafi yana haura digiri 40, kada ku gwada. Da a ce Umarar azumi ce ma da na ce ku bari sai bayan salla. Ku tafi da rigar sanyi ta gaske, don daren sahara a Janairu yana shiga ƙashi. Ku fita bayan asuba, ku dawo kafin azahar. Kada ku shiga ba jagora mai izini, kuma ku bar wa mai masauki sunan hanyar da kuka bi da lokacin dawowarku, don waya tana ɗaukewa tsakanin duwatsu. In kuka ga hadari ko daga nesa ne, ku fita daga cikin kwari ku hau tudu. Ruwan da ya sauka a wani wuri yana iya zuwa muku a guje alhali ko ɗigo bai taɓa ku ba. Ku kuma tabbatar da shirin zuwa Al-Ula wurin wakilin da ya yi muku biza tun kafin ku biya kuɗin masauki.

Daga yau zuwa Janairu ku horar da ƙafa. Ƙarfin ɗaga buhu daban, ƙarfin tafiyar awa huɗu cikin yashi daban. Ku sayi takalmin ƙafa-ciki mai kaushin tafi yanzu, ku yi ta yawo da shi har ya saba da ku; silifas ɗin Umara ba zai yi ba. Legas shimfiɗaɗɗiya ce, to ku riƙa hawa da sauka a gadar masu ƙafa da jaka mai ruwa lita 4 a baya. Ranar da kasuwa ta yi sauƙi ku je bakin teku ku taka yashi na awa biyu. Sau ɗaya kuma ku hau jirgin ƙasa daga Agege zuwa Abeokuta, ku hau dutsen Olumo ta matakala, ku biyar. A nan za ku ga wanda ke haki, da wanda ke ɓoye hakinsa. In kun dawo ka sake rubuto mini, ina son in ji yadda babbanku ya yi.

Kawu, barka da aiki. Ni ɗaliba ce, na ji ana cewa irin waɗannan duwatsu masu baka sai Amurka da ƙasashen Larabawa na gabas. Mu nan Afirka ba mu da su ne?
Mai karatu daga Idi-Araba

Muna da su, 'yata, kuma a maƙwabta. A tsaunukan Ennedi da ke arewa maso gabashin Chadi akwai bakan Aloba, tsayinsa kusan mita 120, yana cikin mafiya tsayi a duniya, kuma UNESCO ta sa yankin cikin jerinta a 2016. A can ne ake da tafkin Arshe cikin kwazazzabo, inda raƙuma ke shan ruwa, kuma har da 'yan kadoji da suka saura tun zamanin da Sahara take kore. A kudancin Aljeriya kusa da garin Janet akwai yankin tsaunukan Tassili, mai bakunan dutse kusan 300 da zane-zane sama da 15,000 na shanu da raƙuman dawa da mafarauta. Ennedi tafiyar kwanaki ce a mota daga Injamena, ba a zuwa sai da ayari da jagora. Janet ta fi sauƙi tunda jirgi yana sauka daga Aljiyas, Buzayen garin ne ke yi wa baƙi jagora, kuma kada ki yi mamaki in kika ji ana ciniki da Hausa a kasuwarsu.