Tambaya da Amsa: Ruwan Dilimi da Tokar Bola a Lambu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman rani a bakin Dilimi, latas da kabeji da karas, ina kaiwa kasuwar Farin Gada. Ruwan yana gauraya da na kwata, takina kuma tokar bola ce. An ce mini akwai gubar ƙarfe a ciki, alhali ganyena kore shar. Gaskiya ne? Daga wani mai lambu, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Koren ganye ba shaida ba ne. Dalma da kadmiyam, ƙarafa masu guba da ake nufi, ba a jin warinsu, ba a ganinsu a ganye, kuma latas kan kwashe kadmiyam ya ci gaba da kyansa. Ba sa ruɓewa kamar taki, kowace shekara ƙaruwa suke a saman ƙasa. Tsofaffin batura, fenti da baƙin man gareji ne manyan kafofinsu, shi ya sa tokar bolar ta fi ruwan tayar mana da hankali: wuta tana cinye leda da takarda, ta bar ƙarfen.

Gwaji ne kaɗai zai raba gardama. Ɗebi ƙasa a wurare 15 zuwa 20 warwatse cikin lambun, daga sama zuwa zurfin santimita 20. Cakuɗa a bokitin roba, kada ka yi da na kwano, don zai ɓata sakamakon. Shanya a inuwa, ka ɗauki rabin kilo, ka ɗebi ganye daban, ruwan ma daban a gorar roba, ka kai su duka ɗakin gwaji na jami'a. Ka ce a auna dalma, kadmiyam da tsamin ƙasa. Ma'aunin lafiyar abinci na duniya, wato Codex, ya kayyade wa ganyen ci miligiram 0.3 na dalma da 0.2 na kadmiyam a kowane kilo.

Tsamin nan shi ne mabuɗi. Ƙasa mai tsami tana sakar wa saiwa kadmiyam, don haka in awon tsamin (pH) ya gaza 6.5, wato tsamin ya yi yawa, zuba farar ƙasar noma kamar wata guda kafin dashe, ka ƙara ruɓaɓɓen takin shanu. Tokar murhun itace ma tana rage tsami, ba tare da batir a ciki ba.

Ruwan kuma, tara shi a rami ya kwana, ka ja na sama. Yawancin ƙarfen yana manne da laka. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a yashe ramin a watsa lakar kan fangali da sunan taki. Ka shayar ta kwari, ban da yayyafi a kan ganye.

In sakamakon ya yi yawa, bar latas da alayyafo a wannan fili, ka koma tumatir, tattasai ko masara, don ƙarfen bai cika kaiwa ga 'ya'ya ba. Wanki yana cire ƙurar dalma, feraye karas ma yana ragewa, amma abin da ya shiga cikin ganye ko tafasa ba ta fitar da shi. Yara kuma su daina wasa a wannan ƙasa, su dalma ta fi yi wa illa.