Amsa: Shin pop ya cinye waƙar country?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko country ta yau, wato waƙar da ta samo asali daga karkarar Amurka, ta rasa asalinta saboda pop, waƙar zamani ta gama-gari. A ganina wadda rediyon Amurka ke sakawa ce ta sauya, kuma rigimar ta daɗe. Tun ƙarshen shekarun 1950 furodusoshi Chet Atkins da Owen Bradley suka rage goge da jitar ƙarfe a birnin Nashbil, cibiyar country, suka cika waƙoƙi da 'yan amshi domin su samu kasuwa. Mawaƙi Buck Owens ya mayar da martani daga birnin Bakersfield, daga baya mawaƙa Willie Nelson da Waylon Jennings suka bi.

Domin gane wadda pop ta shiga, ka kasa kunne ga ganguna tukuna. Idan na'ura ce ke bugawa, za ka ji bugun bai gusawa ko kaɗan, sai tafi da ƙyasta yatsa. An kuma goge muryar da kwamfuta har karyewar nan mai sosa zuciya ta ɓace. Banjo kuwa, wani abin kiɗa mai tsirkiya, ado kawai ake yi da shi, can ƙasa-ƙasa.

A 2012 mujallar Billboard, mai fitar da jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe, ta fara ƙirga saukewa da sauraro ta intanet da tashoshin pop cikin jadawalin country, sai masu gauraya country da pop suka haye sama. Idan ta asali kake so, nemi Chris Stapleton da Tyler Childers, har yanzu da makaɗa na gaske suke aiki.