Filin Tambaya da Amsa: Shin Gashin Sankarar Mama Yana Taɓa Zuciya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari. Shekarata 48, ina zaune a Jos. An yi mini aiki an cire ƙullutun sankara a nonona na hagu ba tare da an yanke nonon ba, na kuma gama ƙarin ruwan maganin sankara da ake kira kimo, yanzu an tura ni Abuja domin a yi mini gashi, wato a haska wurin da hasken na'ura mai kashe ƙwayoyin sankara. Yayata ta ce gashi yana ƙona zuciya, musamman idan a hagu ne, har ta ce gara in haƙura da shi. Ga shi ina fama da hawan jini. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata mai karatu, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Maganar yayarki tana da tushe, sai dai shawarar da ta ɗora a kanta ba zan goyi bayanta ba.

Zuciya tana bayan ƙashin ƙirji ne, ta ɗan karkata hagu, kuma ɗaya daga cikin manyan jijiyoyin da ke shayar da ita jini tana bi ta gabanta, dab da haƙarƙarin da nono yake kai. Shi ya sa idan ana gasa hagu wani ɗan kaso na hasken yakan shafe ta. Ba ƙuna ba ce irin ta wuta, ba kuma za ki ji komai ba a kan gadon na'ura. Hasken yana raunata cikin jijiyar ne, ta riƙa kauri tana ƙuntata sannu a hankali, ta yadda idan ma matsala za ta bayyana, sai bayan shekaru.

A shekarar 2013 aka wallafa wani babban bincike a kan mata 2,168 da aka yi wa gashi a Suwidin da Denmak tsakanin 1958 da 2001. An gano cewa duk ƙarin ma'auni ɗaya na hasken da ya isa zuciya, wanda ake kira gire, yana ƙara haɗarin toshewar jijiyoyinta da kashi 7.4 cikin ɗari. Adadin yana da razanarwa, amma dubi yadda masu binciken suka fayyace shi: idan aka ɗauki mata dubu masu shekara 50 waɗanda ba su da wata larurar da ta shafi zuciya, 19 ne wannan ciwo zai yi ajalinsu kafin su cika 80, idan kuwa zuciyarsu ta sami gire 3, sai su zama 24. Ki ajiye wannan a gefe guda, ki auna shi da binciken 2011 a kan mata fiye da dubu goma da aka yi wa irin aikinki: cikin shekara goma cutar ta dawo wa 35 cikin ɗari na waɗanda ba a gasa ba, amma 19 kacal cikin ɗari na waɗanda aka gasa. A nan ne nauyin yake.

Bugu da ƙari, yawancin matan binciken farko da tsofaffin dabaru aka gasa su. A yau ana fara ɗaukar hoton cikin ƙirji da na'urar da ake kira siti (CT), a zana iyakar zuciya a kwamfuta, sannan a karkatar da hasken ya kauce mata gwargwadon iko. Akwai kuma dabarar riƙe numfashi: kina kwance hannuwa a saman kai, za a ce ki ja iska ki cika ƙirji ki riƙe kamar daƙiƙa 20, huhu ya buɗe ya ture zuciya nesa da haƙarƙari, a daidai lokacin ne ake sakin hasken. Idan kin je Abuja, ki tambayi likitan gashi ko suna yin wannan, da kuma gire nawa zuciyarki za ta samu. Haƙƙinki ne, kada kunya ta hana ki, domin na lura matanmu sukan yi shiru a gaban likita, sai an fito su tambayi maƙwabta.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne hawan jinin, domin ƙarin haɗarin ya fi yawa ga wadda dama take da shi, ko ciwon suga, ko take shan taba. Kada ki yi wasa da maganinki, ki rage gishiri da dunƙulen miya, ki riƙa tattaki. Idan cikin kimon da aka yi miki akwai jan ruwan nan, dokzorubisin, ko kuma ana yi miki allurar Herceptin, su ma suna iya raunana zuciya, saboda haka ki nemi a yi miki hoton zuciya da ake kira eko. Bayan an gama, ko da an shekara ashirin, duk likitan da kika je wurinsa da ciwon ƙirji, ko haki, ko kumburin ƙafa, ki sanar da shi cewa an taɓa yi miki gashi a hagu.