Ga 'yar uwar da Mamanta ke ƙaiƙayi da jiri bayan allurar mofin

Wallahi 'yar uwa, ina karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. An yi wa Mama aiki, an yi mata allurar mofin, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, jiki ya ɗau ƙaiƙayi, jini ya sauka. Haka aka yi da ni a nan Katsina lokacin da na karye a hanyar Daura.

Ana tura allurar a jijiya na ji fuskata ta ɗau zafi, hannuna ya yi jawur, hancina kamar in cire shi don susa. Na miƙe zan zaga, ban ƙara sanin inda nake ba sai a ƙasa. Wata nas ta tsaya a kaina tana cewa raki ne, wai ba ni kaɗai aka taɓa yi wa allura ba. A gaban surukata fa! Zanina ya kwance, ina jin muryarta amma na kasa ɗaga kai. Da aka auna jinina 80/50. Har yau ko sannu ba ta ce min ba, na bar ta da Allah.

Washegari likita ya ce mofin kan sa jiki ya saki wani sinadari, histamin, wanda ke sa cizon sauro ƙaiƙayi. Shi ke buɗe hanyoyin jini, sai jinin ya faɗi, balle ga wanda ya zubar da jini ko ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Cikin sauran magungunan kashe zafin ciwo irinsa, fetidin da kodin ma suna yi, fentanil kuwa da wuya. Ya ce yawanci ba wai jikin ya ƙi maganin ba ne, rage shi ko tura shi a hankali kan isa.

Don Allah kada Mama ta tashi zumbur, ta fara zama a bakin gado tukuna, kina riƙe da ita. In tana shan maganin hawan jini ki faɗa musu yau. Kada ki sayo Piriton da kanki, yana ƙara barci a kan na allurar. 'Yan dubiya kuma za su ce iska ce, ni har hayaƙi aka so yi min a cikin ɗakin.

Amma in leɓenta ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko kin tashe ta ta ƙi farkawa, ki kira likita da ƙarfi ko da za a harare ki. Allah Ya ba Mama lafiya, ki gaishe min ita da jiki.