Karanta labaran matasa bayan an girma

'Yar'uwa, kin ce kin haura talatin da biyar, da 'ya'yanki uku, amma har yanzu labaran 'yan sakandare ne ke miki daɗin karatu, ko abin kunya ne? Ko kaɗan. Ai Magana Jari Ce, da Abubakar Imam ya rubuta a nan Zariya aka buga a 1937, don yaran makaranta aka yi shi, amma har gobe dattawa na karantawa suna ƙyaƙyata dariya.

Ni ma na daɗe ina ɓoye nawa littafin cikin hijabi in zan shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wai kada ɗalibai su gani. Daga baya na gano sirrin: mai rubuta wa matasa ba ya jan zance, ya san in ya yi nawa a shafi biyu an ajiye littafin. Wadda ta wuni tsakanin ofis da murhu kuwa, abin da kanta zai ɗauka ke nan bayan isha'i. Sai dai in 'yarki za ta ɗauka bayanki, ki riga ta kai ƙarshe, don wasu bangonsu ne kawai na yara.